Kukan Da Ba Da Mu Ake Ba: Yadda Turawa Suka Koyi Sauraron Mujiya



Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya duba allon sanarwa na gandun dazuzzukan Ingila ko na arewacin Amurka, da wuya ya rasa wata gayyata mai ban mamaki: a zo bayan faɗuwar rana, a sa rigar sanyi mai kauri da takalmin da ba ya ƙara, za a shiga daji sauraron mujiya. Mutane kan rubuta sunansu tun da wuri, wani wurin har da biyan kuɗi. Iyaye su riƙo hannun 'ya'yansu, a bi jagora cikin duhu, a tsaya cak ana karkarwar ɗari, ana jiran tsuntsuwar da mu a nan in ta sauka a kan katanga sai an nemo dutse. Mu ne fa masu cewa "an mai da shi mujiya" idan jama'a sun tsangwami mutum.

Amsa mai sauƙi ita ce a ce ai Bature ne, komai nasa daban. Tarihi bai yarda da wannan amsa ba. Kakannin mutanen nan sun ji tsoron mujiya kamar yadda ake jin tsoronta a ƙauyukanmu, wataƙila ma fiye. Abin da za mu bibiya a makalar wannan mako shi ne yadda kunnensu ya sauya, da mutanen da suka sauya shi, domin aikin da suka yi ɗan uwan namu ne: zama a saurari abu kafin a rubuta shi.

Pliny Babba, marubucin daular Rum da ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya rubuta a kundinsa na tarihin halittu cewa babbar mujiya tsuntsuwar makoki ce, ganinta a cikin gari kuwa mugun abu ne. Har ya kawo labarin wata da ta kutsa cikin babban ɗakin bautarsu na Kapitol, abin da ya sa aka yi wa birnin Rum gaba ɗaya bikin tsarkakewa. Larabawan Jahiliyya su ma suna da tasu. Sun yi imani cewa idan aka kashe mutum ba a ɗaukar masa fansa ba, wata tsuntsuwa da suke kira hama, wadda malamai da dama suka fassara da mujiya, za ta fito daga kansa ta riƙa kuka a bakin kabarinsa tana neman a shayar da ita har sai an zubar da jinin makashinsa. Wannan na cikin camfe-camfen da ingantaccen hadisi ya kore. Manoman Turai kuwa har cikin ƙarni na 19 ana samun masu kafe gawar mujiya da ƙusa a ƙofar rumbu wai don korar sharri. Mutanen Atina ne suka fita daban, suka ɗauke ta alamar hikima, suka buga hotonta a kuɗin azurfarsu tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya, kuma har yau tana nan a jikin kwabon Yuro ɗaya na ƙasar Girka.

Sai dai in mun lura, mai tsoronta da mai girmama ta sun haɗu a kan abu guda: duk sun ɗauka da su take magana. Ɗaya ya ce mutuwa take sanar da shi, ɗaya ya ce nasara. Babu wanda ya tsaya ya tambaya ko tana da wani abokin zance da ba mutum ba.

Mujiyar da aka fi fita sauraro a Ingila ita ce wadda suke kira tawny saboda launinta na ƙasa-ƙasa mai ɗan ja. Mu kira ta mujiyar kurmi. Girmanta kamar na tantabara mai jiki ne, ba ma da ita a nan, kuma duk da kusancin da ke tsakani, babu ita a tsibirin Ailan. Kukan namijin yana da tsari wanda ba ya canzawa: dogon "huuu", sai shiru na daƙiƙa uku zuwa huɗu, sai gajeren "hu", sannan "huhuhuhuuu" mai rawa kamar ana kaɗa maƙogwaro. Shirun nan na tsakiya yana cikin kukan, kuma shi ne abin da masu kwaikwayo suka fi mantawa da shi. Macen kuwa abin da aka fi ji daga gare ta shi ne wani "ki-wik" mai kaifi. Kowannensu yana iya yin kukan ɗayan, amma galibi haka rabon yake: shi ya yi dogon kira, ita ta amsa da gajere.

A ƙarshen wasan kwaikwayonsa Love's Labour's Lost, wanda aka buga a 1598, Shakespeare ya sa wata waƙar hunturu inda ya haɗa waɗannan sautuka biyu ya ba mujiya ɗaya. Daga nan yaran Ingila suka gaji kukan mujiya, ƙarni huɗu ana maimaitawa a littattafan makaranta. Masana tsuntsaye na yau suna son tsokanarsa da cewa hirar miji da mata ya ji, ya rubuta ta a matsayin maganar mutum ɗaya. Mu dai ba za mu yi masa dariya ba. Ko ba komai ya ji daidai lokacin da ake kukan, wato tsakiyar sanyi, ya kuma ɗauke shi sauti mai daɗi a wannan waƙa, alhali shi ɗin ne ya sa mujiya ta ƙwala ƙara a daren da aka kashe sarki a wasan Macbeth. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda jimla ɗaya ta babban marubuci kan toshe kunnen al'umma. Mutane sun riƙa fita waje suna jin tsuntsaye biyu, amma abin da suka karanta ya sa suna jin ɗaya.

Mutumin da ya fara buɗe kunnen ba wani shahararren farfesa ba ne. Gilbert White mataimakin limamin coci ne a wani ƙauye mai suna Selborne a kudancin Ingila, inda aka haife shi a 1720, a nan kuma ya mutu a 1793. Abin da ya bari shi ne tarin wasiƙun da ya rubuta wa abokansa biyu, Thomas Pennant da Daines Barrington, waɗanda aka haɗa littafi a 1789, kuma har yau ana sake buga shi. White ya yarda da kunnensa ƙwarai. Akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu kama da juna da mutanen zamaninsa ke ɗauka iri ɗaya ne, shi ya raba su gida uku ta hanyar bambancin kukansu, kuma bincike ya tabbatar da shi daga baya. Mu muna cewa gani ya kori ji. A wurin mai nazarin tsuntsun dare, ji ne ke korar gani.

A cikin wasiƙun 1771 ya kawo wani abu da za a iya ɗauka wasa. Wani na kusa da shi mai ilimin kiɗa ya ɗauki 'yar sarewar da ake daidaita kayan kiɗa da ita, ya bi mujiyoyin unguwarsu yana gwada muryarsu, ya ce duk a kan murya ɗaya suke kuka, wadda mawaƙan Turai ke kira B flat. Bayan 'yan watanni White ya sake rubutawa cewa wani maƙwabcinsa mai kaifin kunne ya ji na Selborne suna kuka a kan muryoyi uku daban-daban. Sai ya ajiye tambaya: shin bambancin na jinsi ne, ko kuwa kowace mujiya da muryarta? Bai ƙirƙiro amsa ba, ya bar tambayar a buɗe. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta. Shi ne kuma ya zauna a kan wani tudu da agogo a hannu yana lissafa zirga-zirgar wasu fararen mujiyoyi da suka yi sheƙa a ƙarƙashin rufin cocinsu, ya ga kusan duk minti biyar sai ɗaya ta dawo wa 'ya'yanta da ɓera.

Wannan lissafi na ɓeraye shi ya zama hujjar masu kare mujiya a ƙarnin da ya biyo. Charles Waterton, wani mai ƙasa a Yorkshire wanda maƙwabtansa ke yi wa kallon mai taɓin hankali, ya gina wa farar mujiya wurin sheƙa a gidansa na Walton Hall, ya hana mai gadin dajinsa harbinta, ya kuma kewaye filinsa da katanga mai tsawon kusan mil uku don tsuntsaye su zauna lafiya. Amma shi kaɗai ne a fagensa. Masu gadin dazuzzukan attajirai sun ci gaba da kashe duk tsuntsu mai lanƙwasasshen baki don kare tsuntsayen farautar iyayen gidansu, suna ɗana tarko a kan dogon sanda inda mujiya ke son sauka. Sai a 1904 doka ta haramta wannan tarko. A 1936 zuwa 1937 ma sai da aka sake shari'ar, lokacin da aka zargi wata ƙaramar mujiya da aka shigo da ita Ingila da cinye 'yan tsaki. Wata malama mai suna Alice Hibbert-Ware ta tattara dubban curin gashi da ƙashi da mujiya ke amayarwa bayan ta haɗiye abinci, ta warware su ɗaya bayan ɗaya, ta nuna yawancin abincinta ƙwari ne da ƙananan ɓeraye.

Duk wannan ya nuna mujiya tana da amfani. Bai faɗi abin da take cewa ba. Wanda ya amsa wannan shi ne H. N. Southern na Jami'ar Oksfod, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

Kusa da Oksfod akwai wani kurmi mai suna Wytham, mallakar jami'ar. Daga 1947 zuwa 1959, shekara 13 cur, Southern ya bi mujiyoyin kurmin nan. Yakan fita da dare da taswira, duk inda ya ji namiji ya yi kuka ya sa alama, duk inda ya ji biyu suna musayar kuka cikin fushi ya san nan ce iyaka. Da haka ya zana hurumin kowane gida kamar yadda mai unguwa ya san iyakar gonakin mutanensa. Ya riƙa leƙen sheƙa da jar fitila don kada ya firgita su. Ya kuma riƙa kama ɓerayen kurmin yana sa musu ɗan zoben ƙarfe a ƙafa ya sake su, daga baya ya tsinci zoben a cikin aman mujiya, ya san wace ce ta ci wane ɓera, kuma a ina.

Ya fara aikin ne bayan mummunan hunturun 1947 wanda ya kashe tsuntsaye da yawa, sai ya tarar da gida 17 kacal, kowane gida miji da mata. Adadin ya yi ta hawa har ya kai 30 a 1955, daga nan ya kusan tsayawa, ya ƙare a 32. Abin mamakin shi ne ɓeraye kan yi yawa bana su yi ƙaranci baɗi, amma yawan gidajen mujiya bai bi su yana hawa da sauka ba. Abin da ke canzawa shi ne haihuwa. A 1958, shekarar da ɓeraye suka yi ƙarancin da ba a taɓa gani ba a tsawon binciken, babu gida ko ɗaya da ya yi ƙwai. Sun zauna a huruminsu, sun yi kukansu, sun haƙura da 'ya'ya sai wata shekara. Kurmin ya riga ya rabu, babu fili, kuma 'ya'yan da suka tashi ba su sami hurumi ba yawancinsu yunwa ke kashewa kafin hunturu ya ƙare.

Me ya sa hurumi ya zama batun rai da mutuwa haka? Bayanin da ya fi gamsar da mu shi ne na Graham Martin, masanin idon tsuntsaye, wanda ya auna ganin mujiyar kurmi ya samu bai fi na mutum da abin da ya wuce ninki biyu da rabi ba a cikin duhu. Wato duk labarin da ake yi cewa mujiya na ganin dare kamar rana, an zuzuta. A daren da babu wata, a ƙarƙashin bishiyoyi, ita ma ba ta ganin ƙananan rassa. Abin da ke cetonta shi ne ta haddace wurin: ta san kowane reshe da take sauka, ta san nisan kowane reshe da ƙasa, ta san inda ɓera ke bi. Kamar makahon da ya shekara talatin a gida ɗaya ne, ba ya tuntuɓe a cikinsa, amma a kai shi gidan maƙwabci a gani. Shi ya sa mujiyar kurmi ba ta ƙaura, shi ya sa galibi miji da mata ke zama tare har mutuwa ta raba, shi ya sa kuma ba ta yafe wa mai kutse.

Da wannan za mu iya karanta kalandar kukan. A watannin Oktoba da Nuwamba kurmi kan cika da hayaniya, domin 'ya'yan bana, waɗanda iyaye suka daina ciyarwa, suna yawon neman wurin zama, masu wuri kuma suna sanar da su cewa nan da mai shi. Wannan kukan rikicin fili ne. Daga tsakiyar hunturu zuwa Fabrairu sai zancen ya koma na aure. Namijin ya yi dogon kiransa, macen ta amsa, wani lokaci su haɗa baki, a kusa da kogon da za su yi sheƙa kuma akan ji wata 'yar guɗa mai taushi wadda ba ta nisa. Sannan ya fara kawo mata abinci. Kada mu ɗauka wannan toshi ne na burgewa kawai. Macen, wadda ta fi shi girma, tana bukatar ta tara kitse kafin ta iya yin ƙwai ta kwanta a kansu kusan kwana 30 ba ta farauta. In mijin ya kasa ciyar da ita, babu ƙwai a shekarar, kamar yadda aka gani a 1958. Yawanci a watan Maris take yin ƙwai biyu ko uku.

Dalilin yin neman aure a cikin tsananin sanyi kuwa lissafi ne. Ɗan mujiya yana daɗewa kafin ya iya riƙe kansa: wata guda a ƙwai, kimanin wata guda a kogo, sannan har kusan wata uku iyaye na ciyar da shi a waje. Dole a fara da wuri in ana so ya koyi farauta lokacin da abinci ke da yawa, da sanyin safiya ake kama fara. Babbar mujiya mai ƙaho ta Amurka ta fi haka sammako, a wurare da yawa tun Janairu ko Fabrairu take kwanciya a kan ƙwai, har akan ga ƙanƙara ta zuba a bayanta tana kwance. A wannan jinsi ma macen ta fi girma, amma muryar namijin ta fi kauri, don haka mai sauraro yana iya raba su a cikin duhu. Ga shi kuma hunturunsu ba irin namu ba ne: a Landan rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, dare ya kai kusan awa 16, ganye ya zube, sauti ya yi nisa. Yaro zai iya jin mujiya ya dawo gida kafin lokacin barcinsa.

Kada dai a ɗauka tsuntsuwar ta zama 'yar lele. A 1937 wani matashi mai ɗaukar hoton tsuntsaye, Eric Hosking, yana hawa maɓoyarsa kusa da sheƙar mujiyar kurmi a yankin Wales, sai ta kai masa sura a fuska, ya rasa idonsa na hagu. Da ya warke ya koma ya ɗauki hoton nata, ya kuma zama ɗaya daga cikin mashahuran masu wannan sana'a a ƙasarsa.

Ilimin masana bai isa ya fitar da talaka daga ɗaki cikin sanyi ba. Abin da ya yi wannan shi ne na'urar ɗaukar sauti. Ludwig Koch, Bajamushe da ya fara ɗaukar kukan tsuntsu tun yana ɗan shekara takwas a 1889, ya gudo Ingila a 1936 saboda mulkin Hitler, a shekarar kuma ya fitar da littafin kukan tsuntsaye haɗe da faifan garmaho, daga baya muryarsa ta zama sananniya a rediyon BBC. Da wannan mutum zai iya zama a ɗakinsa a ce masa wannan kukan wane ne, ya fita ya gane shi. Da kaset ya zo a shekarun 1960, sai ya zama ana iya ɗaukar kukan a aljihu a kai shi daji. Kwaikwayon mujiya da baki kuwa tsohon wasa ne. Wordsworth yana da waƙa da aka buga a 1800 a kan wani yaro da ke haɗa tafin hannuwansa yana busawa a bakin tafkin Windermere mujiyoyi na amsa masa. Wasan yana da nasa haɗarin: a 1997 jaridun Ingila sun ba da labarin wasu maƙwabta biyu a wani ƙauye na Devon da suka shafe kusan shekara kowanne na fita bayan gidansa da dare yana kukan mujiya yana murna ana amsa masa, sai da matansu suka haɗu suna hira asiri ya tonu.

Yawon sauraron kansa ba shi da wani ado. Ƙungiyoyin kare namun daji a Birtaniya da rassan ƙungiyar Audubon a Amurka ne suka fi shirya shi. Akan tara mutane kaɗan, jagora ya fara koya musu sautukan da za su ji. Ba a kunna farar tocila, sai ja, domin idon mutum na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma yana rushe wannan nan take. A yi tafiya kaɗan, a tsaya, a yi shiru, a kanga tafin hannu a bayan kunne. An fi son dare mai tsit wanda babu iska babu ruwa, kuma akwai dalili: wani bincike da Lengagne da Slater suka buga a 2002 ya nuna faɗin wurin da kukan mujiyar kurmi ke kaiwa yana raguwa kusan ninki 70 idan ana ruwa, don haka ita ma ba ta ɓata muryarta. Jagora na gaskiya yakan faɗa tun farko cewa ana iya dawowa ba a ji komai ba. Marubuciya Jane Yolen ta gina littafin yara sukutum a kan wannan jira, Owl Moon, labarin yarinya da mahaifinta a daren ƙanƙara, wanda ya fito a 1987, zanensa ya ci lambar Caldecott a 1988. Kusan babu abin da ke faruwa a littafin sai tafiya da shiru, amma ya shiga hannun yara masu ɗimbin yawa. Masu cewa labari ba ya tsayuwa sai da kishiya ko aljani, ga abin dubawa.

Yanzu mu koma ga tambayar White. A 1991, shekara 220 bayan wasiƙarsa, wasu masana biyu a Pavia ta ƙasar Italiya, Galeotti da Pavan, suka mai da kukan mazan mujiyar kurmi zane a takarda ta hanyar na'ura, suka ga kowane namiji da irin nasa, har ana iya gane shi da murya kamar yadda muke gane mai kiran sallar unguwarmu. Suka kuma nuna mujiya ta san muryar maƙwabcinta, ta fi harzuƙa idan ta ji baƙuwar murya.

A nan ne muke ganin yawon sauraron ya zo da tasa matsalar. Jagoran da ya karɓi kuɗin mutane yana jin kunyar su koma hannu rabbana, sai ya ciro waya ya kunna kukan namiji. Mujiya ta amsa, ta matso, kowa ya yi murna. Amma in mun fahimci abin da Southern da Martin suka gano, mun san abin da ta ji: baƙo ya shigo tsakiyar gidanta a watan da take tara ƙarfin yin ƙwai. Namijin ya bar farauta ya zo faɗa da abokin gabar da babu shi. Sau ɗaya ba wani abu ba ne, amma a wurin da ake kai ayari duk mako, abin ya zama cutarwa. An hana kunna irin wannan sauti a manyan gandun dajin gwamnatin tarayyar Amurka, jagorori masu hankali kuma sun taƙaita shi ko sun daina. A ganinmu mai kunna waya don mujiya ta zo ta gaishe shi bai yi nisa da mutanen Pliny ba, shi ma so yake ta yi magana da shi.

Inda kiran ke da hujja shi ne wajen ƙidaya, kuma ƙidayar ta taɓa girgiza ƙasa. A ƙarshen shekarun 1960 wani ɗalibi, Eric Forsman, ya gano cewa in ya kwaikwayi kukan wata mujiya mai ɗige-ɗige a tsofaffin dazuzzukan jihar Oregon tana amsawa. Da wannan dabara aka bi dazuzzukan aka gano ba ta rayuwa sai a cikin tsofaffin bishiyoyin da kamfanonin katako ke sarewa. A 1990 aka sa ta cikin halittun da ke fuskantar barazana, a 1991 wani alƙali a Seattle ya dakatar da sayar da katako a dazuzzukan gwamnati da take zaune, garuruwan masu aikin katako suka shiga ƙunci, rikicin ya kai har teburin shugaba Clinton kafin a fitar da sabon tsari a 1994. A Birtaniya kuwa, bayan an lura mujiyar kurmi na raguwa, ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta BTO ta roƙi jama'a daga ƙarshen Satumbar 2018 zuwa ƙarshen Maris na 2019 su riƙa tsayawa a ƙofar gida minti 20 sau ɗaya a mako, ba tare da kunna komai ba, su rubuta ko dogon kira suka ji, ko gajere, ko shiru. Shirun ma ana so a rubuta shi. Dubban mutane suka amsa.

To mu fa? Ba za mu ce a kwashi mutane a shiga daji da dare ba, kowa ya san halin da dazuzzukanmu ke ciki. Amma nazarin tsuntsaye ba baƙo ba ne a nan: akwai cibiyar A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos tun 2001, kuma tun 2015 matasa 'yan sa-kai ke zagaya ƙasar nan suna rubuta tsuntsayen kowane yanki don haɗa taswira. Sannan tamu mujiyar ba ta bukatar a je daji. Farar mujiyar da White ya yi wa lissafi da agogo ita ce dai wadda ke zaune a silin makarantunmu, da tsofaffin soraye, da rumbunan ajiya. A littattafanmu da zarar dare ya tsala, boka ya fito, sai a ce mujiya ta yi kuka, ba a faɗin wace iri, ba a faɗin yadda kukan yake, domin daga wani littafin aka ji shi. Farar mujiya ba ta yin "huuu" ko kaɗan. Ƙara take yi doguwa mai kama da yagewar ƙyalle, sau da yawa tana cikin tashi. A yankin Sahel ta fi yin ƙwai bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da amfanin gona ya shigo ɓeraye suka yawaita, wato daidai shigowar sanyinmu. Babba ɗaya kan ci ɓera uku zuwa huɗu a dare, kuma ɓeran nan mai yawan nonuwa da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa yana cikin abincinta.

'Ya'yanta kuwa idan suna jin yunwa wani huci suke yi mai kama da munsharin mutum, su kwana suna yi a cikin rufin ɗaki, ana jin takunsu a kan sili. Gidaje nawa aka ce aljanu sun tare a cikinsu saboda wannan? Akan kira mai magani, a yi hayaƙi, a yi yayyafi, a biya. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan sun yi fiffike sun tashi, munsharin ya ɗauke da kansa, mai magani kuma ya karɓi yabo.